Ta yaya ake shawo kan 'yan majalisar Amurka su goyi bayan awon mita da kilo?

Tambaya: Wani ɗan'uwa da ke karatun injiniya a Amurka ya rubuto cewa shi da abokan karatunsa sun gaji da lissafi biyu: a aji mita da kilo, a wurin koyon aiki inci da laba. Suna so su tunkari 'yan majalisar tarayya su nemi a mayar da ƙasar kacokan kan tsarin mita. Ta ina za su fara, me za su faɗa, kuma me ya kayar da waɗanda suka gwada kafin su?

Amsa: Ɗan'uwa, abu na farko da zan roƙe ku, kada ku shiga ofishin kowane ɗan majalisa da buƙatar "a karɓi tsarin mita". Hadiminsa zai ce muku an riga an karɓa, kuma gaskiya ya faɗa. Tun 1866 majalisar ta yi doka da ta halatta amfani da mita da kilo a ciniki da kwangila da gaban kotu. Ranar 20 ga Mayu 1875 Amurka tana cikin ƙasashe 17 da suka sa hannu kan yarjejeniyar mita a birnin Faris. A 1893 ofishin awo na ƙasar ya daina ɗaukar yadi da laba a matsayin asali, ya koma yana fitar da su daga mita da kilo. A 1959 aka tsayar da magana: inci ɗaya milimita 25.4 ne cif, yadi mita 0.9144, laba kilo 0.45359237. Wato incin da ke jikin tef ɗin kafinta a Ohio daga mita aka yanko shi. Sai dokar 1975 da Shugaba Gerald Ford ya sa wa hannu, sai gyaran 1988 da ya kira tsarin mita awon da aka fifita a kasuwancin ƙasar, sai umarnin Shugaba George Bush babba mai lamba 12770 a 1991 da ya ce hukumomin tarayya su koma aiki da shi.

Saboda haka amincewa ba ta yi ƙaranci ba. Abin da babu shi ne wa'adi, da wanda za a kama da laifi idan wa'adin ya wuce, da kuɗin aikin. Bayan haka akwai wasu dokoki da har yau suke tilasta tsohon awo. Waɗannan su ne ƙofarku. Wanda ya je neman shela zai dawo da takardar godiya. Wanda ya je da sakin layi ɗaya na wata doka, ya ce ga kalmomin da nake so a cire, ga wanda zai amfana a mazaɓarka, ga abin da zai ci, shi ne ake ba kujera.

Ku fara da sanin yadda aka faɗi a baya, domin tsofaffin ma'aikatan majalisa ba su manta ba. A 1968 majalisa ta ba da umarnin a yi nazari. Rahoton ya fito a 1971 yana ba da shawarar a sauya cikin shekara goma, bisa tsari, da hukuma mai jan ragama. Majalisar Dattawa ta amince da wani ƙudiri a 1972, ta Wakilai ba ta ɗauke shi ba. A 1974 wani ƙudirin ya faɗi a Majalisar Wakilai, kuma babban abin da ya kayar da shi tambaya ce mai sauƙi: wa zai biya? Ƙungiyoyin ƙwadago suka ce makaniki da ya tara sifanu da kuɗin guminsa, wa zai saya masa sababbi? Ƙananan 'yan kasuwa suka ce su ma a tallafa musu. Don a samu ƙudirin ya wuce a 1975, sai aka zare masa haƙora: babu wa'adin shekara goma, babu tilas, kowa ya ga dama. Aka kafa hukuma mai mutum 17 wadda ba ta da ikon umartar kowa, a cikinta ma ba a haɗu kan ko aikinta kira ne zuwa ga sauyi ko sa ido kawai ba. A 1982 gwamnatin Ronald Reagan ta yanke mata kuɗi, ta mutu.

A tsakanin nan an yi kurakurai biyu da suka ɓata wa jama'a rai. A 1977 hukumar manyan hanyoyi ta sanar da shirin sauya allunan hanya zuwa kilomita ba tare da ta shirya mutane ba. Dubban wasiƙu suka zubo, kusan dukkansu na ƙi, ta janye. Sannan wajen 1979 zuwa 1980, lokacin da galan ɗin fetur ya haura dala ɗaya kuma tsofaffin famfuna ba sa iya nuna farashin, wasu gidajen mai suka koma sayarwa da lita. Sauyin awo ya zo rana ɗaya da tsadar mai, sai direba ya ɗauka dabara ce ta ɓoye ƙarin kuɗi. Duk wanda ya san yadda zuciya take tashi a kasuwa idan aka ji ƙishin-ƙishin an tauye mudu, ya san abin da ya faru a nan. Gidajen man suka koma galan.

Bayan 1988 an sake yunƙuri ta hanyar kwangilolin gwamnati. Hukumar hanyoyi ta sa wa jihohi wa'adi su mayar da zanen ayyukansu mita, jihohi da yawa suka kashe kuɗi suka sauya. Sai majalisa ta ɗage wa'adin a 1995 ta kuma hana a tilasta wa jihohi sauya alluna, a 1998 ta soke wa'adin baki ɗaya. Jihohin da suka yi gaba suka juyo ɗaya bayan ɗaya, don 'yan kwangila da masu kawo kaya ba su bi su ba. A 1996 kuma masu buga bulo da masu ƙera fitilun silin suka samu doka ta musamman da ta keɓe kayansu. Ku lura da wannan sosai: masana'antu biyu ƙanana, da buƙata ɗaya takamaimai, sun samu abin da suke so, alhali masu neman a sauya ƙasa gaba ɗaya sun tashi hannu rabbana. Salon masu bulon nan za ku ɗauka.

To, me za ku nema? A ganina buƙatar da ta fi kusa da samuwa ita ce gyaran dokar rubutun jikin kaya, wato dokar 1966 da ke tsara abin da ake bugawa a kwali da kwalba da leda. An yi mata gyara a 1992, ya fara aiki a 1994, inda aka wajabta a rubuta nauyi ko yawa da awo biyu. Shi ya sa za ka ɗauki kwalbar lemo ta lita 2 ka ga an maƙala mata oza 67.6 a gefe. Yau idan kamfani ya so ya rubuta "500 g" kaɗai a kan kayan da wannan doka ta shafa, ya saɓa doka. Abin da za ku nema shi ne a ƙara izini: wanda ya so ya rubuta awo biyu ya ci gaba, wanda ya so ya rubuta mita kaɗai a bar shi.

Wannan buƙata tana da daɗin ɗauka ga ɗan majalisa saboda dalilai da suka shafe shi kai tsaye. Ba ta tilasta wa kowa komai, ba ta cin baitulmali wani abin kirki, kuma cire takunkumi ce, don haka mai ƙin katsalandan ɗin gwamnati zai iya kare ta a gaban mutanensa kamar yadda mai son kimiyya zai iya. Sannan jihohi sun riga gwamnatin tarayya: tun shekarar 2000 ƙa'idar da taron jami'an awo na jihohi ke fitarwa ta yarda da rubutun mita kaɗai a kan kayan da ke ƙarƙashin ikon jiha, kuma kusan dukkan jihohin sun bi. Hukumar NIST, wadda ke riƙe da ma'aunan ƙasar a ƙarƙashin Ma'aikatar Kasuwanci, ta daɗe da tsara yadda gyaran zai kasance. Ba sabon gini za ku yi ba, yaɓe ne.

Amma ku san wanda zai tare ku. Masu manyan shagunan abinci sun daɗe suna ƙin wannan gyara. Tsoronsu shi ne girman kwalaye ya sauya, kantoci su daina dacewa, sai an sake buga farashi da na'urorin lissafi, ga kuma mai saye da zai riƙe kwalba biyu ya kasa kwatanta su. A nan dole ku iya bambance sauyi iri biyu, kuma ku iya bayyana shi cikin numfashi ɗaya. Akwai sauyin suna: kwalin laba ɗaya yana nan yadda yake, sai dai a rubuta giram 454. Akwai sauyin jiki: a daina kwalin 454 a koma 500, wanda ke nufin sabon inji, sabon kwali, sabon farashi. Haka falankin ƙafa 4 da 8, a suna milimita 1219 da 2438 ne, a jiki kuwa sai a koma 1200 da 2400, wanda ba zai zauna daidai a kan tsohon gini ba. Kusan duk tsadar da ake tsoratar da mutane da ita tana cikin nau'i na biyu. Ku rubuta a cikin ƙudirin ƙarara cewa bai wajabta sauya girman kowane kaya ba. Jimla ɗaya ce, amma tana kashe rabin gardama.

Buƙata ta biyu ta fi taɓa zuciya, ita ce ta magani. Ana lissafin maganin yara da nauyin jiki a kilo. Ɗauki yaro mai laba 22, wato kilo 10. Idan ana ba da miligiram 15 a kowane kilo, rabonsa miligiram 150. Idan sikelin asibiti ya nuna laba, mai shigar da bayani ya zuba 22 a gurbin kilo, kwamfuta za ta fitar da miligiram 330, ninki biyu da ɗoriya, kuma babu abin da zai nuna an yi kuskure don lissafin kansa daidai ne. Haka a gida: cokalin shayi na awo kusan mililita 5 ne, babban cokali kusan 15, gajerun sunayensu a rubuce kuma suna kama da juna. Uwa da ta tashi tsakar dare yaro na zazzaɓi ta ɗauko cokali daga kicin, tana iya ba da ninki uku. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya a 2015 cewa a riƙa rubuta maganin ruwa da mililita kaɗai, a ba da shi da sirinji mai zane. Ke nan masana sun riga sun yi magana, saura doka ta bi. Abin da za a nema: sikelin asibitocin da ke karɓar kuɗin tarayya ya kasance an kulle shi a kilo, rubutun maganin ruwa da abin awonsa su zama mililita zalla, a ba da wa'adin shekara biyu ko uku. Da wuya ka samu ɗan majalisar da zai miƙe ya yi adawa da wannan a fili.

Ta uku, a sa hukumomin tarayya su riƙa kawo wa majalisa rahoton inda suka kwana kan umarnin 1991, da jerin keɓancewar da suka ba kansu da dalilan. Dokar 1988 ta bar ƙofa cewa ba dole ba ne inda abin ba zai yiwu ba ko zai jawo asara, kuma ta wannan ƙofa aka yi ta ficewa. Neman rahoto ba ya jawo faɗa, kuma yana samar muku alƙaluman da za ku yi aiki da su badi.

Allunan hanya ku ajiye su a ƙarshe. Su ne kowa ke gani kullum, su ne suka fi tsada, su ne suka fi tayar da jijiyar wuya. Hanya guda ce babba a ƙasar da aka yi wa alamun nisa da kilomita, I-19 a Arizona daga Tucson zuwa Nogales a kan iyakar Meziko, kusan kilomita 100, tun wajen 1980. Abin lura, da aka yi maganar mayar da ita mil, 'yan kasuwar yankin ne suka ƙi, don lambobin mafitar hanya suna cikin tallansu da adireshinsu. Mutane abin da suka saba suke karewa, ko mil ne ko kilomita.

Yanzu wa za ku gani? Kundin tsarin mulki, a sashe na 8 na babi na farko, ya ba majalisa ikon tsayar da ma'auni a jimla ɗaya da ikon buga kuɗi, don haka babu gardamar hurumi. Amma wakilai 435 ne, sanatoci 100, ba za ku bi su duka ba. A Majalisar Wakilai, kwamitin kimiyya da sararin samaniya da fasaha shi ke da hurumin NIST da tsarin mita, dokar rubutun kaya da ta magani kuma suna bi ta kwamitin makamashi da kasuwanci. A Majalisar Dattawa kwamitin kasuwanci da kimiyya da sufuri ne ke riƙe da awo. Ku ɗauko sunayen mambobin waɗannan kwamitoci, ku duba a cikinku da malamanku da iyayen gidanku na wurin aiki wa ke zaune a mazaɓar wane. Ofisoshin majalisa suna tace wasiƙu da adireshi, wadda ta fito daga wajen mazaɓa da wuya a karanta ta. Koken intanet ma bai cika motsa su ba. A 2013 wani koke ga fadar shugaban ƙasa ya tara sa hannu kusan dubu hamsin, amsar da aka bayar ita ce kowa yana da 'yancin amfani da mita idan ya so, maganar ta tsaya nan.

Wanda za ku zauna da shi galibi ba ɗan majalisar ba ne, hadiminsa ne mai kula da harkar kimiyya ko kasuwanci ko lafiya, sau da yawa matashi da ke riƙe da batutuwa goma a lokaci ɗaya. Kada ku raina shi, shi ne zai rubuta wa maigidansa shawara. Za ku samu minti goma sha biyar zuwa ashirin. Ku je mutum uku ko huɗu, kada ku wuce haka: ɗaya mai zaɓe a mazaɓar, ɗaya mai masana'anta ko manajanta, ɗaya ma'aikacin jinya ko mai haɗa magani, sai wanda ya san dokar. Ku riƙe takarda shafi ɗaya. A samanta buƙatar a jimla ɗaya, a ƙasa sashen dokar da lambarsa da kalmomin da za a sauya, sai misali ɗaya daga mazaɓar, sai jerin waɗanda suka goyi baya, sai waɗanda za su ƙi da amsar da za a ba su. Wannan na ƙarshe kada ku ɓoye shi. Idan kun ɓoye, hadimin zai ji daga bakin abokan hamayya, daga ranar kuma ba zai ƙara amincewa da takardarku ba. Ganawa a ofishin mazaɓa lokacin hutun watan Agusta ta fi sauƙin samu fiye da ta Washington, kuma a nan ne za ku iya gayyatar ɗan majalisar ya zagaya masana'anta.

Ziyarar masana'antar nan ta fi kowace lacca. A nuna masa durowa biyu ta noti da kusoshi, ɗaya ta inci ɗaya ta milimita. A miƙa masa sifana mai rabin inci, wato milimita 12.7, da mai milimita 13, ya gwada su a kan noti ɗaya ya ji yadda ɗaya take shiga da ɗan lilo har ta cinye kan notin. Mai masana'antar ya faɗa da bakinsa nawa yake kashewa a shekara wajen ajiye kaya iri biyu, buga kwali iri biyu, da sake aikin da aka yanka ba daidai ba. Lambar ta fito daga littafinsa. Kada ku ɗauko wani ƙiyasin biliyoyi daga intanet wanda ba za ku iya nuna tushensa ba, don tambaya ɗaya za ta rusa ku. Masu ƙera motoci sun fara komawa mita tun shekarun 1970 ba tare da an tilasta musu ba, saboda suna saye da sayarwa a duniya. Sojan ƙasar yana auna nisa da kilomita. Waɗannan shaidu ne na cikin gida, sun fi ƙarfi a kunnen ɗan majalisa fiye da duk wani misali daga Turai.

Akwai hujjoji da masu son mita suke ƙauna amma ba sa ciyar da magana gaba. Babbar cikinsu ita ce cewa Amurka da Laberiya da Myanmar kaɗai suka rage ba su koma mita ba. Ba ta cika daidai ba, tunda Ingila har yau da mil take auna hanya, kuma ko ta yi daidai, gori ne, gori kuwa taurin kai yake haifarwa. Haka faɗin cewa tsohon awo na jahilai ne: mai zaɓen ɗan majalisar kuke zagi. A 2015 Lincoln Chafee, tsohon gwamnan jihar Rhode Island, ya sa komawa mita a cikin jawabinsa na neman takarar shugaban ƙasa, kafofin labarai suka mayar da abin abin dariya, kuma 'yan siyasa sun ga abin da ya same shi. Aikinku ne ku ba ɗan majalisa hanyar goyon baya da ba za a yi masa dariya ba, shi ya sa ake shiga ta ƙofar lafiyar yara da sauƙaƙa wa masu fitar da kaya.

Labarin kumbon da NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta rasa a duniyar Mars a watan Satumba 1999 yana da amfani idan an faɗe shi daidai. Wata manhaja ta fitar da ƙarfin tunkuɗa da awon laba, wadda ke karɓa tana jiran awon niyuton na tsarin mita, bambancin ninki 4.45, kumbon ya yi ƙasa fiye da kima ya hallaka. Amma ku shirya, za a mayar muku da labarin jirgin Air Canada na Yuli 1983, wanda mai ya ƙare masa a sama don an zuba masa kusan laba 22,300 a maimakon kilo 22,300, lokacin da kamfanin ke tsakiyar sauyi. Amsar ita ce duka biyun abu ɗaya suke nunawa: haɗarin yana cikin zama da awo biyu, kuma yana ƙaruwa da tsawon zaman. Sauyi gajere mai rana sananniya ya fi wanda aka ja shekara hamsin aminci.

Ostareliya ce hujjar wannan. Kwamitin dattawanta ya ba da shawara a 1968, aka yi doka a 1970, aka kafa hukuma da kwamitocin da 'yan kowace sana'a suka zauna a ciki suka zaɓi ranarsu da kansu. Cinikin ulu ya sauya a 1971, tseren dawaki da hasashen yanayi a 1972, allunan hanya a Yuli 1974, bayan an riga an kafa sababbin an lulluɓe su sai ranar buɗewa. Kowane sashe ya ɗauki kuɗin sauyinsa. A 1981 aka rufe hukumar don aikin ya kusa kammala. Ingila ta fara a 1965, ta rufe tata hukumar a 1980 aikin bai ƙare ba, sai a 2001 aka gurfanar da wani mai sayar da kayan marmari a Sunderland, Steve Thoburn, kan sayar da ayaba da sikelin laba. Shari'ar ta zama tuta ga masu adawa shekara da shekaru. Don haka kada ƙudirinku ya ƙunshi hukunci a kan ƙaramin ɗan kasuwa. A fara da gwamnati da manyan masana'antu, ɗan tireda zai biyo kayan da ake kawo masa.

Mu ma mun ga haka a gida. Najeriya ta koma mita a shekarun 1970, a zamanin da ta koma tuƙi ta dama a 1972 ta kuma karɓi naira da kobo a 1973. Inda kaya ke fitowa daga masana'anta ko famfo mai hatimin hukuma, sauyin ya zauna daram: siminti da taki buhun kilo 50, fetur lita, nisan Kano zuwa Kaduna kilomita. Inda ciniki ke tsakanin mutum da mutum, har gobe mudu ne da tiya, atamfa yadi shida, bulo mai inci shida da mai inci tara, fili ƙafa hamsin da ɗari. Doka tana kama abin da ake bugawa da abin da jami'in awo ke dubawa, bakin mutane kuwa yana biyowa a hankali. Idan hadimi ya tambaye ku ko za a hana mutane faɗin tsawonsu da ƙafa, ku ce masa a'a da gaba gaɗi.

Sauran aikin na cikin majalisa ne. Ku nemi masu ɗaukar nauyi biyu, ɗaya daga kowace jam'iyya, tun ranar farko. Idan batun ya zama na jam'iyya ɗaya ya mutu, don a Majalisar Dattawa yawanci sai an samu ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara. Ofishin ɗan majalisar ne zai miƙa buƙatarku ga lauyoyin majalisa su zuba ta a harshen doka, naku shi ne ku kawo ma'anar a fili. Ofishin kasafin kuɗi na majalisa zai ƙiyasta abin da ƙudirin zai ci, kuma wata dokar 1995 ta sa ana bayyana duk nauyin da aka ɗora wa jihohi ko 'yan kasuwa ba tare da an ba su kuɗi ba, wani dalilin ke nan da ya sa izini ya fi tilas saurin wucewa. Kada ku sa rai ƙudirin zai wuce shi kaɗai. Ana gabatar da fiye da dubu goma a kowane zango na shekara biyu, 'yan ɗaruruwa ke zama doka. Ƙananan gyare-gyare a bayan manya suke hawa: gyaran 1988 kansa a cikin wata ƙatuwar dokar kasuwanci ya shiga. Ku sa ido kan lokacin sabunta dokar NIST, ko ta hukumar abinci da magunguna, ko wata dokar kasuwanci, ku kasance da sakin layinku a shirye kafin kwamiti ya zauna, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai misali na kusa da zai ƙarfafa muku gwiwa. Amurka ta daɗe da awon ƙafa iri biyu, ta kowa da kowa da ta masu safiyo, bambancinsu kashi biyu cikin miliyan. Ƙanƙani ne, amma a taswirar jiha yana iya kawar da wuri da 'yan ƙafafu. NIST da hukumar safiyo ta ƙasa suka sanar tun da wuri, suka saurari masu sana'ar, suka sa rana, daga ƙarshen 2022 aka yi ritayar ƙafar safiyo ba tare da hayaniya ba.

Abu biyu na kiyayewa, tunda wasunku baƙi ne. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba shi da katin zama na dindindin, doka ta hana shi ba da gudummawar kuɗi ga yaƙin neman zaɓe, ko dala ɗaya ce. Rubuta wasiƙa, tattara bayanai da raka tawaga ba laifi ba ne, amma ku sa 'yan mazaɓar a gaba su yi magana. Sannan idan za ku yi rajistar ƙungiya, nau'in ƙungiyar agaji da ake yafe wa haraji an taƙaita mata kamun ƙafa a majalisa, don haka ku nemi shawarar lauya kafin ku zaɓi nau'i. Ba dole ne ma ku kafa sabuwa ba: ƙungiyar masu rajin mita ta Amurka tana nan tun 1916, ƙungiyoyin injiniyoyi da na masu haɗa magani kuma suna da ma'aikata a Washington da suka san hadiman da sunansu.

Bayan kowace ganawa ku aika godiya cikin kwana biyu tare da amsar duk tambayar da kuka kasa amsawa a zaune. Ku riƙe rajista: wa kuka gani, yaushe, me ya ce, me ya nema. Hadimai suna yawan sauya aiki, sau da yawa za ku sake bayani daga farko ga sabon mutum. Duk ƙudirin da bai wuce ba yana mutuwa idan zangon majalisa ya ƙare ranar 3 ga Janairun shekarar da ke bin zaɓe, sai an sake gabatar da shi da sabuwar lamba. Don haka tun watan Nuwamba, da zarar sakamako ya fito, ku duba waɗanne daga cikin masu goyon bayanku suka dawo, wa zai shugabanci kwamitocin nan uku, sannan ku nemi ganawa kafin a gama rabon kujeru.